Babbar Injiniyar Kamfanin Kawu

Saƙon ya shigo ranar Litinin da hantsi, Injiniya tana durƙushe a bayan kicin tana kankare gindin tukunya. A gidan Kawu haka kowa yake kiranta, Injiniya, musamman idan za a aike ta. Injiniya, ga wanki can. Injiniya, gas ya ƙare. Shekara biyar ta yi a jami'a tana karanta aikin gine-gine, ta fito da sakamako mai kyau, don haka babu wanda ya taɓa musun cewa ita ta fi cancanta ta ɗaure famfon banɗaki idan ya fara ɗiga.

Ta goge hannu a zaninta ta duba wayar. Daga kamfanin nan ne mai gina hanyoyi da gadoji, inda ta yi jarrabawa da intabiyu watan jiya. An ɗauke ta cikin mutum goma sha biyu da za a horar a matsayin sababbin injiniyoyi. Abu ɗaya ya rage: ta kawo ainihin kwalin digirinta, ba kwafi ba, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a. Wanda bai kawo ba, na bayansa za a ba gurbin.

Sau uku ta karanta. Shekara biyu ke nan tana bin tallan aiki, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: ana neman matashi sabon kammala karatu, mai gogewar shekara biyar. Wannan kaɗai ne ya zo da akasin haka. Shi wanda bai taɓa aikin injiniya a ko'ina ba yake nema. A wannan sharaɗin kam, ta san babu wanda zai sha gabanta.

Kwalin yana hannun Kawu, yayan mahaifiyarta. Ran da ta sauka gidansa don neman aiki ya karɓe shi, ya ce gidan akwai ɓera, kuma yaran zamani akwai sakaci. Ya ba ta kwafi goma ya kulle ainihin a durowar ƙarfe. Ita ma a lokacin ta ga hikimar abin.

Kawu ɗan kwangila ne. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, amma sunan kamfanin ya fi ofishin tsawo. Da yamma ya dawo, ta bari ya ci abinci, ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa a kujera, sannan ta durƙusa daga gefe ta miƙa masa wayar.

Ya nisanta wayar da idonsa ya karanta. Ya daɗe yana karanta layi huɗu.

"Ma sha Allahu," ya ce. "Kin ga abin da nake faɗa miki game da haƙuri? Ke, zo ki ji, 'yarki ta samu aiki."

Anti, matarsa, ta fito daga ɗaki tana ɗaura ɗankwali. Ta rungume Injiniya da gaske, har da 'yar ƙwalla. Sai ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli talabijin.

"Kawu, kwalin suke so."

"Na gani ai. Juma'a suka ce ko? Yau Litinin. Gaggawar me kike yi? Gobe."

Ranar Talata makullin durowar ya ɓata. Kawu ya laluba aljihun riguna uku a gabanta, ya zazzage jakarsa a kan tebur, ya yi wa duk wanda yake taɓa masa kaya faɗa, ko da yake babu mai taɓawa. Ta ce akwai mai gyaran makulli a bakin titi, za ta kira shi yanzu.

"Ki kawo mini baƙo ɗakin kwanana ya ga inda nake ajiya? Wannan ne abin da aka koya muku a jami'a?"

Ya fita. Ta bi shi da ido har mota, ta ga zoben makullansa yana lilo a yatsansa, da ɗan ƙaramin makullin durowar a ciki, mai jan zare. Ita ce ta ɗaura masa zaren bara, don kada ya ɓata.

Ranar Laraba ba ta jira ya ci abinci ba. A bakin ƙofa ta tare shi.

"Kawu, don Allah. Saura kwana biyu."

Ya tsaya yana cire takalmi a hankali, kamar takalmin ne ya yi masa tambayar.

"To, tunda kin matsa. Kwalin ba ya gidan nan."

"Yana ina?"

"Yana wuri mai kyau. Ya fi nan tsaro ma. Akwai wani aiki da nake nema, ginin makaranta, bene. Kwamitin ba da kwangila sun ce kowane kamfani ya nuna takardun ma'aikatansa. Sai na ce, ga 'yata da kwali yana kwance a durowa yana shan ƙura, ba gara ya ɗan motsa jini ba?"

"Amma Kawu, ni ba ma'aikaciyarka ba ce."

"Ji wata magana! To ta wa ce ke? Duk abin da yake nawa ai naki ne. Tsari ne kawai na takarda, kowa haka yake yi. Gobe da safe zan karɓo miki, akwai mutumina a wurin."

Ya karɓo kuwa. Ranar Alhamis da ƙarfe goma ya aiko direba da shi a cikin tsohuwar jarida. An huda gefen kwalin huda biyu, irin wadda ake yi wa takarda idan za a sa ta a fayil, kuma bakin hudar ya sake, alamar ya shiga fayil ya fita ba sau ɗaya ba. A kusurwar sama akwai zagayen gindin kofin shayi. Ɓera dai bai taɓa shi ba. A nan Kawu ya cika alkawari.

Ta goge rigarta mai ruwan toka, ta sa kwalin a leda, ta hau motar haya.

Ofishin ɗaukar ma'aikata yana hawa na uku, ɗaki ne mai sanyi da kujeru shida a jikin bango da agogo a saman ƙofa. Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau a rataye da sarƙa. Ta karɓi kwalin, ta ɗaga shi a haske, ta shafa hudar da yatsa. Ta juya ga kwamfuta ta buga sunan. Sai ta ɗaga tabarau ta sa.

"'Yata, kin ce ba ki taɓa aiki ba?"

"Ban taɓa ba, ranki ya daɗe."

"Mukan duba kowa a rajistar kamfanonin kwangila kafin mu ba shi takarda. Zo ki gani."

Ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga sunanta cikakke. Ga lambar kwalinta. Ga hotonta, wanda ta ɗauka don neman aiki ta bar ragowar a kan firji. A ƙasa an rubuta muƙami: Babbar Injiniya. A ƙasan wannan, gogewa: shekara biyar. Sai jerin ayyukan da ta kula da su: kwalbati huɗu, katangar asibiti, rumfunan kasuwa, tankin ruwa.

"Shekara biyar da ta wuce kina ina?" jami'ar ta tambaya.

"Ina aji uku."

"To, kin yi ƙoƙari. Ni a aji uku ko ɗakina ban iya kula da shi ba."

Injiniya ta sake duban kwamfutar. Idonta ya sauka a ƙasan shafin, inda aka sa hannu a madadinta. Ta san rubutun. Kullum tana ganinsa a takardar cefane: harafin farko mai ƙaton ciki, na ƙarshe mai jela. Rubutun Anti ne.

"Wannan sa hannunki ne?"

"A'a."

"Kin san na wane ne?"

Injiniya ta kawar da kai daga kwamfutar. Jami'ar ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa a ƙirjinta.

"Ba ke ce ta farko ba, kada ki ɗauka wani abin mamaki na gani. Amma ni hannuna a ɗaure yake. Shirin nan na waɗanda ba su taɓa aiki ba ne, kuma takarda ta ce ke babba ce, kin ma girmi wanda zai horar da ke. Hanya biyu ce. Ko kamfanin ya rubuto wasiƙa da hatiminsa cewa ba ki taɓa yi musu aiki ba, kuskure aka yi. Ko ke ki cika takardar ƙorafi cewa an yi amfani da sunanki ba da saninki ba, mu tura wa hukumar rajista su bincika. Kowanne kika kawo, zan karɓa. Gobe sha biyu."

"Idan na yi ƙorafin, me zai faru?"

"A soke rajistar kamfanin. A nemi wanda ya sa hannun."

A kicin ta sami Anti tana yanka albasa. Ba ta yi sallama ba.

"Anti, ke kika sa mini hannu?"

Wuƙar ta tsaya. Anti ba ta tambayi wane hannu ba.

"Kawunki ne ya kawo takardar da sassafe yana sauri. Kina barci, kin sha aiki ranar, wallahi tausayinki na ji, ban so in tashe ki ba."

"Sau ɗaya?"

"To, daga baya ai ya ce dole hannun ya zama iri ɗaya. Idan kika sa naki, sai a ce na jabu ne."

Injiniya ta jingina da firji. Wato yanzu a duniyar takarda, sa hannunta na gaskiya shi ne na jabu.

"Kin san za su iya kama ki?"

Anti ta ajiye wuƙar. Idonta ya kawo ruwa, kuma wannan karon ba albasa ba ce. "Ni? Ni me na sani? Ko sunan kamfanin ban iya faɗa duka ba. Ke dai ki rufa mini asiri, 'yar nan. Ban taɓa bambanta ki da 'ya'yan cikina ba, ke shaida ce."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. 'Ya'yan cikinta dai suna makarantar kwana, ba a samu damar gwadawa a kan wanki ba.

Kawu ya dawo bayan la'asar da fara'arsa. Ya saurare ta har ƙarshe yana kaɗa ƙafa. Da ta zo kan wasiƙar, ƙafar ta tsaya.

"In rubuta me?"

"Cewa ban taɓa yi maka aiki ba. Gaskiya ce kawai, Kawu. Layi biyu."

"Layi biyu! Ke kin san abin da layi biyun nan zai jawo? Ranar Litinin kwamiti zai zauna a kan aikin makarantar nan. In ɗauki biro da hannuna in rubuta cewa kamfanina ba shi da injiniya, in buga hatimi, in aika? Ki ce kawai in je in kulle kaina in miƙa musu makulli."

"To ni in yi yaya?"

"Ki yi haƙuri, kamar yadda kika saba. Wai ma me za su ba ki a can? Horo! Mai koyo! Ki riƙa bin wani ƙato da tef ɗin awo a rana. Ni na ɗora ki a kan kujerar Babbar Injiniya tun ba ki san kanki ba. Mutane shekara ashirin suke yi ba su taka wurin ba. Maimakon godiya, sai ki zo mini da ido a tsaye."

"Kawu, ban taɓa ganin kujerar ba."

"Ai gata ke nan! Wasu suna can rana tana gasa su, ke kina gida a inuwa, sunanki yana aiki."

"Kwalbatocin nan huɗu, wa ya duba su?"

"Birkilana ya shekara talatin yana gini. Ya fi littafinki sanin siminti." Ya miƙe ya gyara riga. "Kuma bari in gaya miki, aikin nan na makaranta idan ya faɗo, har ofis zan yi miki. Da labule."

Ba a yi rabin awa ba wayarta ta yi ƙara. Umma ce, mahaifiyarta, daga gida. Kawu bai ɓata lokaci ba.

"Me nake ji haka? Wai za ki kai yayana ƙara?"

"Umma, ban ce zan kai ba. Aikina ne zai tafi."

"Aiki ai na Allah ne. In wannan ya wuce wani zai zo."

"Shekara biyu, Umma. Wannan ne na farko. Kuma duk inda na je nan gaba, abin da za su gani ke nan."

"To ba abin kirki aka rubuta ba? Ya ce babba ya rubuta ki." Umma ta yi tari, ta sassauta murya. "Ke ba ki san komai ba. Ɗakin nan da nake ciki, wa ya rufa shi? Ƙannenki biyu, wa yake tsaye a kansu? Ki sa a kama matarsa, sannan in kalli wa a dangi? Da wane ido? Ki bari in mutu tukuna, sai ki yi ta kai ƙara."

"Umma..."

"Na yi magana da shi. Ya ce zai rubuta miki wasiƙa. Kin ji? Zai rubuta. Ki je ki ba shi haƙuri."

Ta je ta ba shi haƙuri. Ya karɓa da kyar, kamar mai yafe babban laifi.

Ranar Juma'a Kawu ya ce ta same shi a ofis ƙarfe tara. Ta isa tara saura. Ya iso goma da kwata. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta. Injin buga takarda ya cinye takarda biyu. Tana zaune a benci a waje tana jin ƙarar buga taya daga ƙasa, tana duba waya duk bayan minti ɗaya. Goma da rabi. Sha ɗaya saura kwata. Daga ƙarshe ya fito da farar ambulan, an liƙe bakinta an buga hatimi uku a kan liƙin.

"Ga shi. Kada ki buɗe, in kika buɗe ta lalace. Haka tsarin ofis yake, za ki koya."

"Kawu, abin da suka ce ka rubuta?"

"Na rubuta abin da ya fi wanda suka ce. Je ki, kada ki makara."

Motar hayar ta tsaya ɗaukar fasinja a kowace kusurwa. A mahaɗar titi wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Injiniya ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu, ambulan a ƙirjinta. Lif, na'urar hawa bene, ba ya aiki. Ta hau hawa uku tana haki. Agogon saman ƙofa ya ce sha biyu saura minti ashirin da biyar.

A ɗaya daga kujerun jikin bango wani saurayi yana zaune da fayil a cinya, takalminsa ya sha goga. Ta gane shi, tare suka yi intabiyu. Shi ne na goma sha uku. Ya gaishe ta da ladabi, ya kalli agogo, ya ji kunya, ya kalli ƙasa.

Jami'ar ta yanka ambulan da wuƙar takarda. Ta sa tabarau. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama.

"Kin karanta wannan?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ya ce kada in buɗe."

"To saurara." Ta karanta a fili, ba ta ƙara gishiri ba. Kamfanin yana farin cikin shaida cewa mai ɗauke da wannan wasiƙa ta yi aiki da shi shekara biyar a matsayin Babbar Injiniya. Mai gaskiya ce da riƙon amana, ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman hutu ba. Kamfanin ba ya son rabuwa da ita, amma ya amince a ba shi aron ta, a horar da ita, ta dawo.

Ta ajiye wasiƙar a kan tebur.

"Wasiƙa ce mai kyau," jami'ar ta ce. "Na shekara ashirin a kujerar nan ban ga wadda ta kai ta ba. Da babban injiniya muke nema, da yau kin fara."

Ta jawo durowa ta fito da takarda mai shafi ɗaya, ta ajiye a gabanta, ta ɗora biro a kai.

"Takardar ƙorafi. Sunanki, sunan kamfanin, sai nan inda aka ce ko kin san wanda ya sa hannun. Sai ki sa naki a ƙasa. Minti uku ya ishe ki."

Sha biyu saura kwata.

Ta ɗauki biron. Ta rubuta sunanta. Ta rubuta sunan kamfanin, duk tsawonsa, har ya gangara layi na biyu. Wayarta ta fara rawa a jaka. Ba sai ta duba ba, ta san Umma ce. Wayar ta tsaya, ta sake farawa. Ta sake tsayawa, ta sake farawa.

Ko kin san wanda ya sa hannun? I ko a'a.

"Idan na ce a'a fa?"

"Za su bincika su gano. Idan suka gano kin sani, ke ma kin shiga ciki. Ba zan ce miki ki yi ƙarya a takardar da kike ƙorafin ƙarya ba."

Saura minti takwas. Ta ga Anti a benci a wani ofis, ɗankwali a karkace, ana tambayarta sunan kamfanin tana kasa faɗa. Ta ga Umma a ɗakin da aka rufa mata. Ta ga kuma gadar da aka nuna musu a hoto ranar intabiyu, doguwa a kan kogi, aka ce sababbin da aka ɗauka a can za su fara. Ta daɗe tana tunanin irin takalmin da za ta saya.

Bakin biron yana kan takardar har tawada ta taru ta yi ɗigo.

"'Yata," jami'ar ta ce a hankali, "saura uku."

Wayar ta sake rawa.

Ta ajiye biron. Ba ta yanke shawarar ajiyewa ba, hannun ne ya gaji kafin ita. Jami'ar ta jira har dogon hannun agogo ya hau kan gajeren, don kada a ce ta yi gaggawa. Sannan ta ninke takardar ƙorafin biyu, ta sa mata a cikin ledar kwalinta.

"Ba ta lalacewa," ta ce. "Gurbin ne kawai yake lalacewa." Ta ɗaga murya. "Na gaba."

Saurayin ya miƙe. Da zai wuce ta ya ce, "Yi haƙuri," kamar shi ya yi mata.

A gida Kawu ya ce dama ya san haka za a yi, wuraren nan sai kana da wani a sama. Ya ce irin wasiƙar da ya rubuta ko dutse aka ba sai ya yi laushi, tunda suka ƙi, to dama sun riga sun sayar da gurbin. Anti ta zuba mata abinci da nama biyu. Umma ta bugo ta sa mata albarka mai tsawo, ta ce ta san ta haifi 'ya. Da yamma Kawu ya aiko a karɓi kwalin, kwamiti zai zauna Litinin. Ta zare takardar ƙorafin ta sa a ƙasan jakarta, ta ba da kwalin.

Kwangilar ta faɗo. An yi murna a gidan kwana uku, kuma ita ta wanke kwanukan.

Bayan wata biyu, wata Laraba da azahar, direba ba ya nan, Anti ta ce, "Injiniya, kai wa Kawunki abinci wurin aiki." Wannan ne karonta na farko a wani aikin kamfanin da take Babbar Injiniyarsa.

An kewaye filin da kwanon rufi. A bakin ƙofa an kafa babban allo fari da baƙin rubutu: sunan aikin, ginin ajujuwa takwas, hawa biyu. Sunan kamfanin. A layin ƙarshe, injiniya mai kula da aiki, sai sunanta. Babu kuskure ko na harafi ɗaya.

Ta leƙa ta ƙofar. An tsayar da rodin ginshiƙai, kafintoci suna buga katako a jikinsu, injin kwaɓa kankare yana juyi. Ko daga nan ta ga rodin. Siririn da ake sa wa katanga ne, guda huɗu a ginshiƙin da zai ɗauki bene, kuma zoben da ya ɗaure su tsakaninsa ya fi kamu biyu. Ta ƙirga sau biyu, ko idonta ne. Ƙafarta ta fara tafiya da kanta.

"Ke, ke, ke! Mai abinci!" Maigadi ne, wani tsoho da sanda, ya taso daga kan bulo. "Ina za ki? Ajiye nan, za a zo a ɗauka."

"Baba, rodin can nake so in duba."

"Rodi? Me ya haɗa ki da rodi? Ba a shiga wurin nan sai da izinin injiniya."

"Tana ina injiniyar?"

Ya ɗaga sanda ya nuna allon. "Ga sunanta can. Manya ne, ba sa zuwa rana. Ni wata biyu ina nan ban taɓa sa ta a ido ba."

Ta kalli allon. Ta kalli ginshiƙan. An fara ɗaukar kankare a kwano ana hawa da shi.

"Baba, idan ginin nan ya faɗo wa yara a ka, wa za a kama?"

Tsohon ya yi dariya, ya sake nuna allon da sanda. "Yo don me kike tsammani ake rubuta suna?"

Daga can cikin filin, a inuwar motarsa, Kawu ya hango ta. Ya ɗago hannu ya ƙwala kira yadda ya saba.

"Injiniya! Kin zo da cokali kuwa?"

Maigadi ya dube ta daga sama har ƙasa, silifas da kular abinci, ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki.

"Au, ke ma haka suke ce miki?"

Cokalin yana cikin jakarta. A gefensa akwai takarda mai shafi ɗaya, a ninke biyu, da ɗigon tawada a kan tambaya ta uku. Tun ranar Juma'ar nan ba ta fita ko'ina ba tare da ita ba, kuma ba ta taɓa buɗe ta ba.

Aka juye kwanon farko a cikin ginshiƙin. Ta ajiye kular a ƙasa, ta buɗe jakar.

"Baba," ta ce, "ara mini biro."